Damisar da Ke Kallon Ƙasan Ruwa

A garinmu na bakin teku a Fujian, ba jirgin da ke shiga ruwa makaho, sai an yi masa idanu a goshi. Na masunta idanunsa ƙasa suke kallo, don ya ga kifi. Na yaƙi kuwa gaba suke kallo. Idan an yaye jan ƙyallen da ke rufe su, magana ta ƙare, ba mai sake taɓa su.

A shekarar da 'yan fashin teku suka dame mu ina aikin toshe ɓarakar jirage, kusa da rumfar tsoho Ong, masassaƙi. Shi aka ba aikin kan damisar da za a kafa a goshin sabon jirgin yaƙi. A jirgin nan kuma aka sa ɗansa tilo, Bunhai, wanda kaza ma bai taɓa yankawa ba. Ong ba ya son ya tafi.

Yakan sassaƙa itacen kafur yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ƙamshin ya cika rumfar, har na riƙa ganin hancin damisar na motsi in hazo ya sauko.

"Kawu, me take ce maka?" na tambaye shi.

"Cewa ta yi bakinka ya fi ramukan da kake toshewa faɗi."

Ranar buɗe ido aka ƙona turare, aka ajiye dafaffiyar shinkafa da giya. Kwamanda Kho ya ja ƙyallen. Ga haƙora, ga harshe ja wur, amma idanun sun sunkuya suna leƙen ruwa, kamar mai neman abin da ya faɗa rijiya.

"Tsoho, yaƙi za ta ko kamun kifi?" in ji Kho.

"Ranka ya daɗe, tun ina saurayi na masunta nake yi. Hannu ne ya bi hanyar da ya sani."

Mayaƙa suka ce ba za su hau jirgin da ke duban kabarinsa ba. Cire idon kuma makantar da shi ne, ba wanda ya yarda ya sa hannu. Aka yi wa Ong bulala, aka kore shi daga aikin hukuma. Jirgin aka mai da shi na dakon busasshen kifi da gishiri, da ma'aikatansa duka, har da Bunhai.

Gadon bayan Ong bai sake miƙewa ba. Kullum da yamma Bunhai kan goyo shi zuwa bakin gaɓa, ya zauna yana kallon damisar, ita kuma tana kallon ƙananan kifayen da ke kewaya inuwarta.