Giɓin da Kafinta Ya Bari

Asabar huɗu a jere Kafinta yana cinye surukinsa a wasan yaƙi, kuma a cikinsu babu ranar da ya tashi da farin ciki. Mutumin da ya shekara arba'in yana duba katako ya san itacen da ya lanƙwasa don kansa, ya san wanda aka danne. Nasarar nan danno masa ita ake yi.

Surukin, mijin 'yarsa ta fari, malamin tarihi ne a makarantar sakandare, mai ladabi har ya yi yawa. Shekara uku da auren, amma in ya shigo shagon sai ya ɗosana a gefen benci kamar wanda ya zo neman aiki. Shi ya kawo wasan a kwali: taswirar wani tsohon yaƙi, da kogi da gada da tudu da gari mai ganuwa, an zana ta gida-gida. Sojojin 'yan guntayen kwali ne, wasu dakaru, wasu mahaya, wasu igwa, sai 'ya'yan lido biyu masu raba gardama a kowace arangama. Karo biyar ake yi, kuma sojan da ya mutu wannan Asabar ba ya dawowa ta gaba. Da farko Kafinta ya ce wasan yara ne. Kafin sati biyu ya sassaƙa wa igwoyin ƙafafu, ya haɗa wa taswirar teburinta na musamman, ya kafa doka cewa ko kofin shayi ba a ɗora masa.

A karo huɗun nan Kafinta ke kai hari, kuma ya san bai iya ba, don zuciya gare shi, kowa da kowa yake turawa gaba lokaci guda. Amma duk sanda ya jefa kansa a rami, sai Malam ya manta da igwarsa, ko ya janye mahayansa ba gaira ba dalili, sannan ya sunkuyar da kai ya ce dabarar Baba ta fi ƙarfinsa. Da Kafinta ya kai ƙara wurin 'yarsa, dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce nauyinsa yake ji, a gida ma wuni yake da littafin dokokin yana neman hanyar faɗuwa ba tare da an gane ba. Wannan magana ta ƙona wa tsohon rai. Shi ba kofi yake nema ba. So yake mutumin nan ya saki jiki da shi kamar ɗa, ya doke shi in zai iya.

A karo na biyar doka ta juya. Rundunar Kafinta ce a cikin gari, za ta tsare shi zagaye goma sha biyu har ruwan sama ya cika kogin, Malam kuma shi ne mai kawo hari. Nan tsohon ya ga damarsa, don mai tsaro zama yake yi, ba yadda za a yi masa kyauta a ɓoye. Aka yi zagaye uku Malam yana ta kai-kawo da sojojinsa a bakin kogi kamar masu neman wurin wanki. Kafinta ya zare fensir daga bayan kunne ya ajiye.

"Malam, in ka sake yi mini sadaka, yau zan naɗe taswirar nan in mayar maka da kwalinka. Ga gari. Zo ka karɓa in kana iyawa."

Malam ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa. Da ya mayar, sai ya matso kusa da teburin.

Abin da ya biyo baya Kafinta bai taɓa ganin irinsa ba. Igwoyi suka hau tudu, masu gadin gada suka watse a zagaye biyu, dakaru suka haye kogin ta wani mashigi da shi bai ma lura da shi ba. Ashe haka yaron nan ya iya! Gumi ya keto masa, amma daɗi ne fal a ransa.

Shi ma fa bai zo hannu rabbana ba. Littafin dokoki ya ba da shawarar a jera sojoji a kan ganuwa ko'ina daidai, kada a bar kafa. Kafinta bai yarda ba. Ya sha ganin ƙofar da sabon shiga ya matse ta tsam a firam don ta yi kyau, ruwa na sauka katakon ya kumbura, ta cije, a banke ta ta tsage. Shi kullum yakan bar ɗan giɓi, ƙarfin ya samu inda zai bi. Don haka ya bar ƙofar kudu kusan wayam, sojoji ukun da doka ta yarda mai tsaro ya kife su don kada a ga ko waɗanne iri ne kuma ya jera su a ƙarshen wani lungu mai faɗin gida ɗaya.

A zagaye na bakwai Malam ya hango giɓin. Ya ɗago kai, bakinsa ya motsa zai ce Baba an yi mantuwa a nan, sai ya haɗu da harara. Ya haɗiye maganarsa, ya kwarara mahayansa duka ta ƙofar. Suna shiga lungu suka zama layi ɗaya, na baya ba ya iya taimakon na gaba. Kafinta ya sa yatsa a hankali ya birkice kwalayen nan uku. Biyu igwa ne.

Zagaye biyu Malam ya ɓata yana fitar da abin da ya saura. Duk da haka bai karaya ba, ya fasa ganuwar gabas, ya cinye kasuwa, ya cinye rumbuna. A zagaye na goma sha biyu Kafinta ba shi da komai sai dakare guda a hasumiya. Malam yana buƙatar lido ya ba shi bakwai ko sama kafin ya kama ta. Ya girgiza 'ya'yan lidon, ya watsa. Huɗu da biyu.

Ya daki teburin har igwoyi suka yi tsalle, ya miƙe tsaye.

"Wallahi Baba mugunta ce wannan! Tarko aka ɗana mini, ni kuma na shiga da ƙafata!"

Sai ya ji abin da ya faɗa, ya dafe baki. Kafinta kuwa dariya ta riga ta kwantar da shi a jikin injin yanka katako, hawaye na bin kumatunsa. A haka 'yarsa ta shigo daga aiki ta same su, ta tsaya da jaka a hannu tana tambayar wa ya ci. Uban ya ce shi ne, da gumin goshinsa, kuma saura ƙiris ɗan nan nasa ya kore shi daga garin.

Malam ya ce bai yarda ba, a sake daga karo na farko, wannan karon shi zai nuna yadda ake tsaron gada. Ya zauna daram a tsakiyar benci yana tsince sojojinsa daga cikin garin katako, yana ta mita a kan lungun nan. Matarsa ta miƙa masa shayi, ya kurɓa, ya dire kofin a kan teburin taswira bai ma sani ba. Kafinta ya ga kofin sarai, ya kawar da kai, ya ci gaba da jera igwoyinsa.