Fankar da Ta Yi Shiru

"Zare filogin tukuna, Baba, kada ka bar matata da takaba," in ji mai gyara, yana durƙushe a ƙarƙashin tebur.

Baba Akawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya miƙa hannu ya zare wayar daga bango.

Kwamfutar tsohuwa ce tukuf, irin mai ƙaton akwati, farinta ya koma ruwan ƙasa. 'Yarsa ce ta bar masa ita da aiki ya kai ta nesa, da ita suke ganin juna suna hira. Shekara da shekaru fankar da ke cikin akwatin wutarta tana kuka, ƙarrr, kamar keken ɗinki. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakin tsohon da na mai gyara, bangon kuwa ba kauri. Kullum da safe in matar mai gyara ta ji kukan nan sai ta ce, "Baba ya tashi," ta zuba masa shayi. In hantsi ya yi ba ta ji ba, ta je ta buga ƙofa. Dattijo ne mai hawan jini, shi kaɗai a ɗaki, ga shi ya tsani a riƙa leƙa shi kamar jinjiri. Fankar nan ce ke gaya musu yana lafiya ba tare da an ci masa fuska ba.

To yau ta tsaya cak. Kwamfutar ta ɗau zafi, ta yi ƙauri, ta mutu ana tsakiyar hira.

Mai gyara ya kwance kusoshin, ya fito da akwatin wutar, ya ajiye shi ya ɗan jira, don irinsa yana riƙe wuta ko an cire shi. Da ya buɗe, ƙura ta yi dam a fukafukan fankar kamar auduga. Ya hure, ya taɓa ta da yatsa. Ta juya da ƙyar ta tsaya.

"Ɗiga mata man keke mana, ɗana," in ji tsohon. "Haka nake yi wa tafiretata lokacin ina aiki. Tsoho mai yake so, ba shara ba."

"Baba, in na sa mai za ta tashi, amma kukanta sai ya fi na da. A ce ni na gyara abu yana ihu? Ina! Ga sabuwa a jakata."

Shi mutum ne da ke jin ƙarar inji kamar zagi ga sana'arsa. Ya yanke wayoyin tsohuwar fankar guda biyu, ja da baƙa, ya haɗa na sabuwar, ya ɗiga dalma, ya naɗe da salatif. Tsohuwar fankar ya jefa ta jaka. Ya mayar da komai, ya kunna.

Shiru.

"Ta tashi kuwa?"

"Sa hannunka ta baya."

Tsohon ya kai tafinsa, iska mai sanyi ta taɓa shi. "Ikon Allah. Numfashi ba murya."

Mai gyara ya koma ɗaki yana jin daɗin aikinsa. Matarsa ce ba ta yi murna ba.

"Yanzu da me zan san ya tashi?"

"Haba, ba ga ƙofa ba? Ki buga mana."

Ta buga kuwa, safiya bayan safiya, har ran nan tsohon ya buɗe fuska a ɗaure ya ce, "Ban mutu ba tukuna, 'yata." Kunya ta kama ta. Daga nan sai ta koma ajiye shayin a bakin ƙofa ta juya.

Wata safiya ta tsaya da ludayi a hannu, ta kasa kunne jikin bango.

"Shiru fa na ji, Baban yara."

"Ai shirun shi ne aikin da na yi. Yana can yana hira da 'yarsa. Ki bar dattijo ya sarara."

Ya ɗauki jakarsa ya tafi shago. Sai da rana ta take ta kira shi: shayin yana nan inda ta ajiye, ya huce, ƙuda na yawo a bakin kofin.

Da suka ɓalle ƙofar, suka sami Baba Akawu kwance tsakanin gado da tebur, takalmi ɗaya a ƙafa, yana numfashi sama-sama. Kwamfutar a kashe take. Bai ma kai gare ta ba. Da tsohuwar fankar ce, da tun hantsi an buga masa ƙofa, mai gyara ya san haka tun kafin ya sunkuya ya ɗauke shi.

A asibiti likita ya tambaya, "Tun yaushe ya faɗi?" Ba wanda ya sani. Kafin faɗuwar rana Baba Akawu ya cika.

'Yarsa ta iso bayan an kai shi makwancinsa. Ta zauna a kujerar mahaifinta, idanunta sun kumbura, ta dubi mai gyara.

"Yaya, na gode. Hirarmu ta ƙarshe ya ce mini, 'Yau na ji muryarki tas, ba wannan ƙarar.' Har dariyar jikarsa ya ji. Ya yi ta sa maka albarka."

Maganar ta soke shi fiye da zagi. Ya ce, "Allah ya ji ƙansa."

Washegari da safe yana neman abin kwance kusa a jaka, hannunsa ya ci karo da tsohuwar fankar. Ya zauna bakin gado, ya ɓare 'yar takardar da ke bayanta, ya ɗiga man keke a gindin, ya kaɗa ta da yatsa.

Ƙarrr.

A kicin, cokalin matarsa ya daina motsi cikin kofi. Fankar ta yi ta juyawa a tafinsa, tana rage gudu, har ta tsaya.