In Na Taka Birki Sai Ta Mutu

Fulera ta kira Mutawakil mai gyaran wutar mota ba tare da ta tambaye ni ba. Fulera 'yata ce, ta fari. Tana sayar da kayan yaji a kasuwar Nima. Daga rumfarta ta hango motata ta mutu a lungun masu albasa.

Laraba ce, ranar kasuwa. Na ɗauko albasar wani ɗan Nijar, Zulkifli, zan kai masa unguwar Madina. Buhuna sun cika but ɗin mota da kujerar baya, ɗaya yana zaune a gefena. Lungun ba ya ɗaukar mota biyu. Katanga a hagu, kwata a dama. Wani mai amalanke ya ɓullo gabana, na taka birki, inji ya ɗauke. Na murɗa makulli. Ta yi ta gurnani, ba ta kama ba. Na ji warin roba tana ƙonewa.

Ƙofata ta manne da katanga, ko tafin hannu ba zai shiga ba. Ta dama kuma buhu ya tare. Shekarata saba'in da ɗaya. Ba zan fito ta taga mutane suna kallo ba. Na zauna.

Motar nan ta shekara ashirin da shida a hannuna. Babu wanda ya taɓa wayoyinta sai ni. Mako uku da suka wuce fitilar birki ta daina kamawa, ɗan sanda ya tsayar da ni a unguwar Maamobi. Na dawo gida, na kwanta ƙarƙashin sitiyari, na gyara da kaina. Tun daga ranar, in na taka birki sai ta mutu. Na canza filogi. Na wanke kafireta. Na kankare kan batir da wuƙa. Na sa wani kwayil. Duk banza. Sai na daina taka birkin ƙafa. Ina rage gudu da giya, ina tsayawa da birkin hannu.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Shekara biyu ke nan farar yana ta rufe mini ido, na dama ya fi. Da safe da yamma ina lallaɓawa. In rana ta take, komai fari nake gani, kamar an watsa wa gilashi koko. Da ƙaramar Sallah 'ya'yana suka taru suka ce in bar tuƙi. Fulera ta ce mu je a duba idon. Na ce idona ƙalau. Na ce ranar da wani ya nuna mata kuskure ɗaya da ido ya sa na yi, ta zo ta karɓi makulli. A gaban ƙanena Imoro da limamin unguwa na faɗa. Ba na janye magana.

Wata babbar motar doya ta shigo lungun ta bayana. Direban ya dinga danna ham, ya leƙo yana zagi da yaren Twi. Na ji komai. Mata masu dako suna raɓawa ta bakin kwata, kwanoninsu suna gogar jikin motar. Zulkifli ya tsaya a gaba yana ta cewa rana za ta dafa masa albasa. Ni ma rana tana dafa ni. Rigata ta jiƙe. Warin albasa ya cika cikin motar har hawaye suka zo mini.

Mutawakil ya iso bayan kusan awa ɗaya, daga New Town inda shagonsa yake. Ɗan aminina Dramani ne, Allah ya jiƙansa, wanda muka yi hanyar Kumasi tare. Yanzu ya wuce arba'in, ya yi tumbi. Da tafiyarsa na gane shi, yana jan ƙafa kamar ubansa. Ya sunkuyo ta tagar dama, ta saman buhun.

"Baba, sannu da zama. An ce ka buɗe shago a nan."

"Wa ya kira ka?"

"Wadda ta fi ƙarfinmu ni da kai."

"Koma aikinka. Zafi ta ɗauka. In ta huce za ta tashi."

"Mai doyan nan ma zafi ya ɗauka, kuma shi ba hucewa zai yi ba. Ja mini bonet."

Na ja. Ya daɗe a gaban injin. Ina jin yana taɓa nan, yana taɓa can.

"Baba, wa ya yi wayarin ɗin nan?"

"Ni."

"Wannan ai wayar fankar ɗaki ce."

"Shekararta tara tana aiki."

"Ban ce ba ta aiki ba. Gaisawa kawai muke yi da ita."

Ya dawo taga ya ce in gaya masa yadda take yi. Na ce tana mutuwa. Ya ce a yaushe. Na ce lokacin da ta ga dama. Ya ce mota ba ta ganin dama, in faɗa masa abin da ƙafata ko hannuna yake yi lokacin da take ɗaukewa. Na ce birki.

"Tun yaushe?"

"Mako uku."

"To da me kake tsayawa?"

"Da hannu."

"A Nima?"

"Har Madina."

Ya kira Zulkifli, suka tsaya ƙafa ɗaya a bakin kwata, suka zare buhun gaba. Na yunƙura zan fito ta nan. Ya ce in zauna inda nake, ƙafata yake so a kan birki, hannuna a kan makulli.

Ya fito da kayan aikinsa daga aljihu. Ba su da yawa. Sukudireba, filaya, da ɗan kwan fitila mai waya biyu. Duk mai gyaran wuta yana da irinsa. A maƙala waya ɗaya inda ake neman wuta, ɗaya a jikin ƙarfe. In akwai wuta kwan ya kama, in babu ya ƙi. Ni ma ina da nawa a gida, na daina ɗaukarsa.

Ya maƙala waya ɗaya a kwayil, ɗaya a jikin mota, ya rataye kwan a bakin bonet saitin fuskata. Sannan ya shigo ta ƙofar dama ya kwanta a ƙasa, kansa dab da gwiwata, ƙafafunsa suna lilo a kan kwata. Ya toshe ƙofar gaba ɗaya.

"Baba, daga nan ba na ganin kwan. Kai za ka riƙa gaya mini. Akwai wayar da ta ƙone a nan, zan riƙe ta da filaya. Murɗa makulli, kada ka tayar. Ya kama?"

Na duba. Rana tana tsaka. Gilashin fari fat. Ina ganin duhun bonet, ban ga kwan ba. Amma na san wuta. An murɗa makulli, an riƙe waya, dole ta kai kwayil.

"Ya kama," na ce.

"Taka birki. Yanzu fa?"

"Ya mutu." Wannan ma na sani, mako uku ina zaune da shi.

"Madalla. Saki. Bari in cire wata waya. Yanzu taka. Me ya yi?"

A nan ban san wadda ya cire ba. Mai doya yana ta ham. Na matse idon dama, na duba da na hagu. Wani abu ya yi walƙiya, ko kwan ne, ko kwanon wata mai dako.

"Ya kama."

"Ka tabbata?"

"Na ce ya kama."

Ya sake taɓa wani abu. "Yanzu fa?"

"Yana nan a kame."

Na ji numfashinsa a ƙafata. Ya janye jikinsa a hankali, ya fita, ya zaga gaban mota. Na ga inuwarsa ta tsaya, ta ɗaga hannu kusa da gilashi.

"Baba, sau ɗaya kuma. Duba da kyau. Yanzu fa?"

Da zan ce ban gani ba, da a nan ne. Zulkifli yana tsaye. Masu albasa suna tsaye. Rabinsu sun san Fulera.

"Ya kama," na ce.

Ya dawo ta ƙofar dama, ya zauna a kujera, ya ja ƙofar ya rufe. Ya kama hannuna ya sa mini abu a tafi. Kwan ne. Da sanyinsa. Na shafa wayoyin biyu har ƙarshensu, ba su maƙale da komai ba.

Na miƙa masa kwan, ya karɓa ya sa a aljihu.

"Na gano ciwonta," ya ce, murya ƙasa. "Wayar fitilar birki ta goge a but, wurin da buhuna suke danne ta, tana taɓa ƙarfe. Shi ya sa fiyus ya ƙone tun farko. Kai kuma da ka zo gyara, ka tsallake fiyus, ka jawo wuta kai tsaye. Koriyar waya ka nufa, ka yanki baƙa. Baƙar ita take kai wa kwayil wuta. In ka taka birki sai wutar duka ta gudu jikin mota, inji ya rasa. Yau wayar ta gaji ta narke."

"To haɗa ta."

"Koriya da baƙa, Baba. Kai ka koya mini bambanta su ina ɗan shekara goma."

"Ƙarƙashin sitiyari duhu ne."

"Nan waje ba duhu."

Muryar Fulera ta zo daga bakin kwata. Ban ga fuskarta ba, mayafinta kawai, ja-ja.

"Yaya Mutawakil, me ya same ta?"

"Ana dubawa. Nemo mana maza huɗu su tura ta bakin titi, mai doya ya wuce."

Ta tafi. Na ji takalminta a kan katakon da aka ɗora wa kwata.

"Ba sai an tura ba," na ce. "Aikin minti nawa ne?"

"Biyar. Da naɗe wayar da ta goge a but, goma."

"To me kake jira?"

"Tun yaushe idon?"

"Ba a kira ka duba ido ba."

"Gaskiya ne."

"Hanyar Madina a kaina take. Kowane rami, kowace kwana. Shekara arba'in da huɗu ina tuƙi, ko akuya ban taɓa bugewa ba."

"Rami yana zama inda ka bar shi jiya. 'Yan makaranta ba sa zama."

"In birki ya dawo ai an gama magana."

"Birki sai an ga abu ake taka shi."

Na riƙe sitiyari da hannu biyu. Ya yi zafi, ban saki ba. Katanga tana nan a hagu, shi yana nan a dama. Na tuna liman, na tuna Imoro da yadda ya gyaɗa kai ranar da na yi maganar. Na tuna bencin ƙofar masallaci inda tsofaffin direbobi suke wuni, suna jiran a kira salla.

"Za ka gaya mata?"

"Ba zan je in same ta ba. Maganarka ce, kai za ka faɗa. Amma in ta tambaye ni abin da ya sa motar ba ta tashi ba, ba zan ce batir ne ba."

"Zan kai wa wani."

"Motarka ce."

Ya san ba zan kai ba. Duk wanda ya kwanta ƙarƙashin sitiyarin nan zai ga abin da na yanka, kuma masu gyaran wuta daga Nima har New Town bakinsu ɗaya ne. Ni kuma ko na kwanta da kaina, koriya da baƙa duk ɗaya suke a wurina.

Na ji Fulera tana dawowa, tana magana da maza, suna dariya.

"Mutawakil, a motar nan na ɗauki gawar ubanka zuwa masallaci."

"Na sani. A wannan kujerar nake zaune."

"Ban taɓa roƙon kowa ba. Kai ma ba roƙonka nake yi ba. Sauka ƙasa ka haɗa wayar kafin ta iso."

Ya buɗe ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya a bakin kwata.

"Ba zan haɗa ba, Baba."