Hayaƙi a Ɗakin Huda

"To ke kika haife ta?" in ji Tabawa, ko takalmi ba ta cire ba. "Faɗa min, Zinariya, ke kika yi naƙudar?"

"Yaya, rage murya mana, kanta ke ciwo."

"Kanta ke ciwo! Ni za a gaya wa!"

Ai kuwa sai da aka gaya mata. A bakin mai sayar da acheke, dambun rogon nan, a unguwarsu ta Adjamé ta ji wai ƙanwarta Zinariya ta kai Huda wajen likitan ido, kuma yarinyar tana can kwance a gidan Zinariya da ke Belleville, cikin unguwar Treichville. Nan take Tabawa ta bar tukunya a kan wuta, ta tari mota sai Treichville, tana tafe tana huci.

Ita Huda 'yar farin Tabawa ce, tana aikin kwamfuta a ofishin wasu Kanawa masu shigo da kaya kusa da kasuwar Treichville. An fi shekara ɓarin kanta guda na sara, har da amai, ga wasu baƙaƙen abubuwa kamar zare da ƙananan ƙudaje suna yawo a idonta. Tabawa ta sani sarai. Amma 'yar fari ce, ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata sannu, haka ita ma uwarta ta yi mata a Katsina. Sai ta yanke cewa bakin mutane ne. Kowace safiya ta cika kasko da garwashi, ta zuba ƙaro da ɓawon tafarnuwa, ta tura ɗakin yarinyar ta ja ƙofa, ba uffan. Ita kuwa Huda, haihuwar nan Abidjan, 'yar makarantar Faransanci, ba ta ga komai ciki ba sai hayaƙi da uwa mai ɗaure fuska.

"Zauna ki ji abin da likita ya ce," in ji Zinariya, tana gyara zama kamar ita ce likitan. "Ya ɗiga mata magani ya leƙa can cikin idon, babu abin da ya yage. Ƙudajen nan ruwan cikin ido ne ke yin gudaji, an fi samunsa ga masu rashin ganin nesa. Ya rubuta tabarau. Amma in ta ga walƙiya, ko duhu kamar labule, mu koma da gudu."

"Ku koma," in ji Tabawa. "Ku."

"Shi kuwa kan, ya ce rashin cin abinci a kan lokaci, da ƙarancin barci, da kofi, da hasken kwamfuta. Wai ana ma gadonsa."

"A dangin ubanta dai."

"Sai kuma ƙamshi mai ƙarfi." Zinariya ta ɗan yi tari. "Ya tambaya ko ana turare a gida. Shi ya sa za ta zauna nan wajena har ta ji sauƙi."

Tabawa ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta saci kallon kujera. Ga Huda kwance, ga hannun Zinariya yana danna mata jiƙaƙƙen tsumma a goshi, wai "Huda, ma chérie, 'yar lelena, ya jikin?" Sunan nan yana fita daga bakinta sumul, sunan da Tabawa ta zaɓa da kanta, ba ta kuma taɓa ɗanɗana shi a harshe ba.

"Tambaye ta," in ji Tabawa, tana kallon bango, "ko ta ci wani abu yau."

Huda ta janye tsumman. "Maman, ga ni nan fa. Ki tambaye ni. In kin tambaye ni da bakinki, yanzu na tashi na bi ki Adjamé."

Tabawa ta buɗe baki. Wallahi ta buɗe, har leɓenta ya motsa. Sai ta hango Zinariya ta zuba mata ido, da ɗan murmushin nan nata na tun suna yara.

"Ke, gaya wa 'yar taki," ta ce wa Zinariya, "ni ba a raine ni da rashin kunya ba. Ku ci tabaranku!"

Ta ja mayafi ta fice, ta buga ƙofar har tagogin suka amsa.