Ciwo Maƙaryaci Ne

Littafi ɗaya tak maigidana ya rubuta a rayuwarsa, kuma wallahi da na san abin da zai jawo mana, da da shi na hura wuta. A zamaninsa shi ne gwanin gudun dogon zango. Har yau Zakara ake ce masa, ko da yake yanzu tumbi ke riga shi shiga ɗaki. Masu gudu suna son littafin kamar me, amma duk cikinsu babu kamar Auta, ɗanmu, wanda ya gado ƙafar ubansa. Nasa kwafin ya sha zufa har bangon ya saɓule.

Babin da Auta ya haddace shi ne "Ciwo Maƙaryaci Ne", inda Zakara ya ba da labarin yadda ƙashin ƙaurinsa ya tsage, ya naɗe shi da bandeji, ya shiga tsere ya zo na ɗaya. Ƙarya ce tsagwaronta! Ni na yi jinyarsa a shekarar, yana kwance yana raki, ina kai masa ruwan wanka har bakin gado. Mai buga littafin ne ya ce labarin ya yi lami, a ƙara gishiri.

Ana dab da tseren zaɓen 'yan wasan ƙasa, Auta ya fara ɗingishi. Likita ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna mana tsaga siririya kamar gashi, ya ce ko sassarfa kada ya yi. Muna fitowa na gaya wa Auta gaskiyar babin nan. Dariya ya yi.

"Haba Umma, tsoro ne ya sa za ki yi wa Baba sharri?"

Na sami Zakara a falo yana goge kofunansa.

"Baban Auta, ka gaya masa da bakinka. Ni ba ya jin tawa."

"Ke, so kike ɗana ya riƙa yi mini kallon maƙaryaci? Bari a gama tseren tukuna."

"Ƙafarsa fa?"

"Likitoci sun cika zuzuta abu," in ji shi, bai ko ɗago kai ba.

Na ɓoye takalman gudun a ƙarƙashin buhun gawayi. Auta ya aro na abokinsa, ya naɗe ƙaurin da bandeji yadda aka kwatanta a littafi.

Ranar tseren na je filin, raina a ɓace. Su Auta suna shan kwana a gabana na ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Faɗuwarsa ba ta ƙona mini rai ba kamar abin da ya biyo baya: yaron nan ya miƙe a kan ƙafar da ta lanƙwashe, wai zai ci gaba. Ihu nake yi ya kwanta, ba ya ji.

An sa masa ƙarfe. Likita ya ce zai yi tafiya, amma gudu ya ƙare. Da ya farfaɗo daga allurar barci, ubansa ya fara nema, ba ni ba. Ya kamo hannunsa yana hawaye.

"Baba, ka yafe mini. Kai ka jure, ni na kasa."

Na zuba wa Zakara ido. Ya dube ni, ya dubi ƙafar da ke rataye, ya buɗe baki. Na ce a raina yau dai zai faɗa.

"Ba komai, ɗana," ya ce, yana shafa kansa. "Ba kowa ke iyawa ba."