Kifi Mai Ƙafafu

"Ɗaga can, Tela. Tebur ne fa, ba zai cije ka ba."

Na ɗaga ina nishi. Baba Kafinta ya sunkuya ya bi saman teburin da tafin hannu a hankali, domin idonsa ya daɗe da yin rauni.

"Ba shi ba ne. Ajiye."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, shi ya sa duk wahalar da ya ɗauko ni take fara samu. Lokacin da mutanen unguwa suka tashi gyara makarantar firamarenmu, wadda iska ta yaye wa kwano har awaki suka mayar da ita ɗakin kwana, kowa ya kama abin da ya iya. Magina suka kama bango, matasa suka kama fenti. Shi kuwa ya ce a bar masa karyayyun teburan da aka tara a bayan ajin ƙarshe, tsibi guda har ya fi tsayin taga.

Ni na san dalili. Ɗansa tilo, wanda mota ta kashe yana saurayi, a makarantar ya yi karatu. Yana aji uku ya taɓa zana kifi da ƙusa a kan teburinsa, ya yi masa ƙafafu huɗu. Malami ya kawo ƙara gida.

"Na zane shi da bulala ranar, Tela," in ji Baba. "Ɗan kafinta ya ɓata katako! Har yana ce mini wai kifin ya gaji da ruwa ne."

Kifin yake nema. Kowane tebur sai ya shafa shi tukuna kafin ya kankare samansa fes, ya sa masa ƙafa, ya buga ƙusa, a kai aji. Aikin kuwa tafiyar hawainiya yake yi. Shugabar makarantar ta zo ta same mu ranar, hannunta duk farar ƙasa.

"Baba, a yi haƙuri. Ranar Asabar mota za ta zo ta kwashe abin da ya rage. Nan za a haƙa rijiyar yara."

"To, Malama. Allah ya kai mu."

Da ta tafi na ce masa, "Mu bar gyaran nan mana. Mu birkice tsibin kawai mu duba, in ya so a gama da wuri."

"Kai dai ka gaji ne, malalaci. Miƙo mini guduma."

Na juya zan ɗauko gudumar, sai na ji wani ƙaramin sauti a bayana, kamar an ajiye buhu. Baba yana zaune a ƙasa, ya jingina da teburin, ƙusoshi biyu a bakinsa yadda ya saba riƙe su. Na kira shi bai amsa ba. Na cire ƙusoshin daga leɓensa na sa a aljihuna, ban san dalili ba. Magina suka sauko daga kan tsani. Kafin a samo mota ya riga ya cika.

Ban yi kuka ba. Na je na gaya wa matarsa, ta dube ni ta ce, "Abincinsa fa? Na riga na zuba." Na tsaya ina kallon kwanon a rufe. Mutane suka cika gidan suka watse, ni kuwa ban ji komai ba, sai ka ce labarin wani gari ake ba ni. Na buɗe shago na zauna gaban keke, na ɗinke hannun riga a wuya, na farke, na sake ɗinkewa a wuyan.

Ranar Juma'a na rufe shagon na koma bayan ajin ni kaɗai. Na birkice tsibin nan tas. Na ga sunaye, na ga motoci da jirage, na ga zagin wani malami da ya daɗe a ƙasa. Ƙusa ta yage mini wando, sartse ya shige mini yatsa. Kifi dai babu shi. Washegari mota ta zo, ina tsaye aka loda komai aka tafi.

Da aka buɗe makarantar, matata ta tura ni in raka autarmu. Ga sabon kwano yana ƙyalli, ga warin fenti har bakin ƙofa. Shugabar ta tare ni.

"Tela, shigo ka ga aikin Baba. Tebur ɗaya ne kawai ya bar mana da tudu a sama, yara suna cewa yana hana su rubutu. Cikin na farkon da ya kawo ne, tun makon da aka fara aiki. Ko za ka san wanda zai gyara?"

Teburin yana layin gaba, kusa da taga, inda rana take faɗowa. An kankare samansa fari tas kamar sauran, sai wuri ɗaya mai faɗin tafin hannu da aka zagaye aka bari da tsohon baƙinsa. A tsakiya ga kifin, da ƙafafunsa huɗu, ɗaya ta fi sauran tsawo.

Na tuna yawan teburan da na ɗaga masa bayan wannan makon, yana shafawa yana cewa ba shi ba ne. Sai a lokacin na nemi gefen benci na zauna.

"A bar shi haka, Malama," na ce.

Wata yarinya mai giɓi ta zo ta zauna a wurin. Ta matsar da littafinta gefe, ta sa ɗan yatsa a cikin zanen, ta bi shi daga kai har wutsiya.