Zagaye na Goma Sha Uku

Ranar Lahadi, sha huɗu ga Agusta 1960, Anselme Delpuech ya buga kiɗan sallama alhali saura zagaye ɗaya a gama tsere.

Shekara goma sha tara ke nan yana hawa rufin motar da ke share wa 'yan tseren keke hanya a bikin garin Chalvinet. Akan ɗaure shi da ɗamara a kujerar ƙarfe, fuskarsa na kallon baya, ya rungume akodiyan ɗinsa, akwatin kiɗan nan mai zugazugi, yana zuga shi, motar tana gaban mahaya da kamar minti biyu. Duk wanda ya ji kiɗa sai ya janye ƙafarsa da karensa da 'ya'yansa daga titi. Zagaye goma sha biyu ake yi, shi kuma kiɗa goma sha biyu gare shi, kowane zagaye da nasa, a jere, bai taɓa sauya musu wuri ba. Na ƙarshen, mai taushin nan da ake rufe rawa da shi, shi ne kiɗan sallama. Wanda ya ji shi ya san da zarar mahaya sun wuce, titi ya koma na kowa. Akwai wani a dandali da ke juya lambobi a allo, amma mahaya kaɗai ke kallonsa. Mutanen gari da kunne suke ƙirga.

A shekarar ruwa ya cinye gadar da ke kusa da injin niƙa, aka gajarta hanya. Magajin gari ya ƙara zagaye ɗaya don tseren ya cika kilomita ɗari, kada jarida ta kira shi wasan yara. Mutum ne mai tsoron jarida fiye da tsoron Allah.

"Sha uku ne bana, Anselme. Ka ji ko?" ya ce da shi da safe a shagon shan kofi.

"Na ji, yallaɓai. Na tanadi wani kiɗan, zan saka shi a na bakwai."

Gaétan na jingine da kanta yana shafa wa ƙafafunsa mai. Ƙanin Marceline ne, matar Anselme, ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, kuma ko da ya kai shekara ashirin da shida ba ta daina duba bayan kunnensa ba. Anselme ya taɓa yi masa waƙa, aka buga ta a takarda, ana rera ta a mashaya har birni.

"Mijin yaya," in ji Gaétan, "waƙar nan taka ta fi ni gudu. Tun bara ta isa Aurillac, ni har yau ban ci tsere a can ba."

"Ita ba ta tsayawa gaisawa da 'yan mata a hanya."

"Ji masu hassada! Honoré, ƙara wa tayoyin baya iska. Buhu biyu za ka ɗauka yau, shi da akwatin kukansa."

Honoré direba ya yi dariya har kofi ya sarƙe shi. Marceline ta miƙa wa ƙaninta gorar shayi mai sukari, ta gyara masa wuyan koriyar rigarsa.

"Gangaren gidan Baba Vidalenc, ka taɓa birki. Ka ji ni?"

"Yaya, birki na masu iyali ne."

Aka fara da ƙarfe biyu, rana na dukan rufin mota. A zagaye na shida Gaétan ya fice daga cikin tarin mahaya shi kaɗai. Daga inda Anselme yake, duk sanda hanya ta miƙe yana hango koriyar rigar nan can baya, ƙarama, ba kowa kusa da ita. Idonsa ya tafi can, zuciyarsa ta bi. Yatsunsa kuwa ba su buƙatar mai su. Shekara goma sha tara sun san abin da ke bin na shida, suka buga shi. Sabon kiɗan ya zauna a aljihu, a kan takardar da ya rubuta shi.

A zagaye na goma sha biyu suka gangaro gidan Baba Vidalenc. Tsohon yana jingine da ƙofar shingensa, jajayen shanunsa ashirin da biyu masu dogayen ƙaho sun taru a bayansa, tun hantsi ba su sha ruwa ba, don kwamin da suke shan ruwa yana ƙasa, taku ɗari biyu a kan titi. Ya ɗaga hula kamar yadda yake yi kowace shekara in ya ji sallama. Anselme ya gyaɗa masa kai, har da murmushi.

Honoré ma da kunne yake ƙirga. Suna isowa dandali ya karya kan mota, ya shige bayan rumfar makaɗa, ya kashe inji. Jama'a suka rufe gibin da ya bi, aka jawo tebura da benci. Anselme na kwance ɗamara ihu ya tashi. Gaétan ne ya shigo. Bai ɗaga hannu ba. Kansa na ƙasa, bayansa a lanƙwashe, ya tsallake layi ya wuce, mai allo yana kaɗa ƙararrawa. A allon an rubuta ɗaya: saura zagaye ɗaya.

Anselme ya buga rufin motar da tafin hannu.

"Honoré. Ta da mota."

"Ta ina? Ka ga hanya?" Sai shi ma ya dubi allon, bakinsa ya buɗe. "Wayyo Allah. Shanun."

Babu waya a gidan Vidalenc. Mahayi zai hau tudu na kilomita huɗu kafin ya gangaro, minti goma sha ɗaya in da ƙarfinsa, kuma Gaétan yau da ƙarfinsa. Akwai 'yar turba ta bayan maƙabarta da ke yanke daji ta sauka gonar tsohon. Anselme ya diro daga rufin, gwiwarsa ta amsa, ya kutsa cikin mutane da akodiyan a ƙirji. Bai ajiye shi ba. Muryarsa ba za ta kai ƙasan kwari ba, amma kiɗa zai kai.

"Anselme! Ina za ka?" Marceline ce, tana kan benci a tsaye, fuskarta cike da murna. "Ya kusa ci fa!"

Bai waiga ba.

Shekararsa hamsin da uku, kayan kiɗan kilo goma sha biyu, takalminsa na zuwa coci. Ya wuce maƙabarta, ya faɗa cikin itatuwa. Ya gwada bugawa yana gudu, abin ya riƙa fitar da nishi kamar dabbar da aka yanka ba a gama ba. Ya bari. Yana gudu yana ciniki da Allah, wanda rabonsa da yi masa magana tun ranar ɗaurin aurensa. Wataƙila tsohon zai jira na baya su wuce. Amma da aka gajarta hanya na bayan duk an zagaye su, sun sauka tuntuni suna shan giya a dandali. Wataƙila tayar yaron za ta fashe. Ya roƙi haka da gaske, ya roƙi ƙusa, ya roƙi kwalba, ya roƙi sarƙa ta tsinke. Wataƙila shanun sun riga sun isa kwami. Ƙaya ta yage masa wando, ya zame, ya dafa ƙasa, ya tashi. Bai san minti nawa ya ci ba, agogonsa na ƙarƙashin maɗaurin akodiyan, kuma yana tsoron dubawa.

Sai ya ji ƙararrawar wuyan shanu. Ba a gona take ba. Da ita da ƙarar kofato a kan kwalta suke tahowa.

Ya fito bakin daji, saman gonar. Can ƙasa titi ya cika da jajayen shanu, suna tafiya a hankali, a jere, na gaba har ta fara sauka gefen kwami. Baba Vidalenc na biye da sanda, hannu ɗaya a aljihu. Anselme ya ja akodiyan iya tsawon hannunsa, ya saki kiɗan zagayen farko, wanda kowane yaro a Chalvinet ya san ma'anarsa: ga su nan, a ba da hanya.

Tsohon ya ɗaga kai. Ya dubi tudu, ya dubi shanunsa. Ya yi abin da duk makiyayi zai yi, ya ruga gabansu yana dukan hancinsu don ya mayar da su shinge. Na gaba suka juyo, na baya suna turowa, suka cure a tsakiyar titi, wasu a gicciye, ƙaho ta ko'ina. Da an bar su, rabin minti ya ishe su sauka.

Anselme ya daina kiɗa. Cikin shirun ya jiyo tayar keke daga sama, bayan kwanar hanya, irin ƙarar da take yi in ba a taɓa birki ba. Koriyar rigar ta ɓullo.

Gaétan ya rasu ranar Talata a asibitin birni, bai farfaɗo ba.

Jandarma biyu suka zo ranar Laraba, suka zauna a ofishin magajin gari. Baba Vidalenc ya tsaya gabansu da hularsa a hannu.

"Na ji sallama, yallaɓai. Har na ɗaga masa hula."

"Baba," in ji magajin gari a hankali, "shekararka saba'in da huɗu. Ko ƙararrawar coci ba kullum kake ji ba."

"Ita ba na son jin ta ne. Wannan na ji shi."

Aka kira mutane ɗaya bayan ɗaya. Mutum ɗari huɗu ne a bakin titi ranar, kowa ya ce bai lura da wane kiɗa aka yi ba. Anselme ne ya yi kiɗan bikin aurensu, shi zai yi na 'ya'yansu, tsohon kuwa ko gaisuwa ba ya amsawa da kyau. Honoré ya ce injin ne ya yi zafi ya tsaya. Da aka zo kan Anselme, jandarman ya jiƙa bakin fensirinsa.

"Me ka buga a zagaye na sha biyu?"

Marceline na zaune a bencin baya cikin baƙaƙen kaya. Ba ta kallonsa.

"Ban tuna ba," in ji Anselme.

Aka rubuta. Jaridar ma ta yabe shi, makaɗin da ya ruga daji don ya ceci surukinsa.

Tun daga ranar tsoro bai sake shi ba. In wani ya yi fito a titi sai ya tsaya cak har ya gane wace waƙa ce. Marceline na ajiye masa miya, ta yanka burodi, ta zauna, cokali biyu na ƙara a kwano. Kullum yana jiran tambayar, ba ta yi ba. Ta yi rawa da kiɗan nan a hannunsa kafin ta aure shi, ba yadda za a yi ta kasa gane shi. A biki biyu da ya yi kiɗa cikin Satumba, lokacin tashi ya yi, ba wanda ya nemi sallama. Mutane suka ɗauki rigunansu suka fita shiru. A nan ya tabbatar kowa ya sani.

Baba Vidalenc kuwa, mai karɓar madara ya daina tsayawa a ƙofarsa. Wani ya rubuta masa kalmar zagi da farar ƙasa a jikin shinge. Tsohon ya daina hawowa kasuwa.

Sau uku Anselme yana kaiwa bayan maƙabarta ya juyo. Ranar Asabar ta ƙarshen Oktoba ya daure ya sauka. Ƙofar shinge a buɗe, ciyawa ta fara tsiro a turbar shanu. Wata mata da bai gane ba tana rufe tagogi.

"Sannu, baiwar Allah. Baba na ciki?"

"Ni 'yarsa ce. Na ɗauke shi zuwa wurina a Clermont bayan ya sayar da shanun. Kwana tara ya yi." Ta ja sakata, ta juyo ta dube shi. "Ranar Alhamis muka binne shi. Har ya mutu yana sa ni in tsaya bayansa in yi raɗa, wai in gwada kunnensa. Kana da saƙo ne?"

Anselme ya ce a'a, wucewa yake yi. Ya cire hula, ya mayar, ya kama turba. Abin da ya sauko da shi bai fi numfashi ɗaya ba, ya maimaita shi tun daga saman tudu don kada harshensa ya sarƙe: Baba, kunnenka lafiya lau yake, sallama na buga.